Lambu Rumbun Rani: Jawabi a Kan Noman Kayan Miya da Yaƙi da Ƙwari a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

 

Mai girma shugaban taro, masu girma hakimai da wakilansu, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya, iyayenmu mata, da ku 'yan'uwa da kuka taso daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar taron gida.

Lokacin da kwamitin shirya taro ya aiko mana cewa mu ne za mu yi jawabin bana, an zaci za mu yi magana a kan ilimi, tun da alli muka riƙe shekara 35 kafin mu ajiye aiki. Sai muka roƙi arziki a bar mu mu yi maganar lambu. Wasu sun yi murmushi, suna ganin yaya za a tara manyan ma'aikata da 'yan kasuwa a yi musu zancen tsutsa da fara. Dalilinmu shi ne, kusan duk wanda ke zaune a wannan zaure yana da gadon fadama ko bakin rafi a gida, kuma da yawa daga cikin filayen nan suna kwance, wasu ma an fara sayar da su. Haka nan babu gidan da ba a ɗora tukunyar miya, a birni ko a ƙauye. Abin da ake fesa wa tumatir a bakin kogi da safe, shi ne 'ya'yanku za su ci a Kano da dare. Saboda haka maganar ta shafe mu duka.

Ni'imar da Allah Ya Yi Mana

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, yankinmu na kudu shi ne ya fi samun ruwan sama. A shekara mai kyau ruwanmu yakan kusanci milimita 1,000, alhali 'yan'uwanmu na can arewa, bakin iyakar Nijar, sukan wuni da abin da bai wuce 600 da wani abu ba. Kogin Iggi yana ɓangaren Birnin Kudu. Kogin Bunga, wanda ya samo asali daga tsaunukan wajen Jos, ya ratsa ƙasar Gwaram kafin ya gangara ya zama Kogin Jama'are. Ban da su akwai ƙoramu da tafkuna da fadamu birjik, inda ruwa ba ya nisa da ƙasa ko da rani ya tsananta.

Ga kuma hanya. Titin da ya taso daga Kano ya bi ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu da Babaldu, ya nufi Jihar Bauchi. Kayan gwarin da aka tsinka da asuba zai iya isa kasuwar 'Yankaba kafin azahar. Muna da kasuwanni irin su Sara da Babaldu waɗanda fatake suka sani. Baƙi sukan zo daga nesa su ga zane-zanen mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda aka zana shanu a jikin dutse. Mu a wajenmu zanen nan shaida ce cewa tun zamani mai nisa wannan ƙasa take ciyar da mutum da dabba.

Lambu Jiya da Yau

Mun taso mun tarar da iyayenmu suna ban ruwa da jigo. Mutum zai tsaya a bakin rafi tun sassafe yana jan guga yana juyewa a magudana, yaro yana bin fangali da fartanya yana buɗewa yana toshewa. Lambun bai da girma, amma akwai albasa da gauta da yalo da kuɓewa da barkono da rama. Takinsa kashin awaki ne da juji, maganin ƙwarinsa toka ce da idon mai lambu.

Muna ɗalibai aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo a 1976, aka bi shi da shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980. A kwalejin horon malamai kowane ɗalibi yana da kunyarsa, kuma ana ba shi maki a kanta kamar yadda ake ba shi a lissafi. Da muka fita koyarwa, babu firamaren da ba ta da lambu a bayan azuzuwa. Yaron da ya gama aji shida ya san reno da dashe da banbancin takin da ya ruɓe da ɗanye.

Daga baya hukumar KNARDA ta Kano, sannan JARDA bayan an ba mu jiha, suka yaɗa rijiyar burtsatse ta fadama da ƙaramin injin ban ruwa. Shirin Fadama na Bankin Duniya, wanda aka fara a farkon shekarun 1990 aka yi kashi na biyu da na uku, ya ƙara faɗaɗa abin. Jigo ya kwanta, inji ya tashi. Mutumin da a da yake shayar da fangali 20, ya koma shayar da ɗaruruwa. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba. Sai dai ya zo da nasa sharrin. Da kowa ya koma tumatir da attaruhu da tattasai, shekara da shekaru a fili guda, sai muka shimfiɗa wa ƙwari tabarma, muka ajiye musu akushin da ba ya ƙarewa.

Sanin Abokin Gaba

Hausawa suka ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Babban kuskuren mai lambu shi ne ya kira komai ƙwari, ya nemi magani guda na kowa da kowa. Bari mu ambaci manya daga cikinsu.

Na farko ita ce tsutsar tumatir da manoma suka raɗa wa suna sharon, masana kuma suke kira Tuta absoluta. Asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta shiga Sifen a 2006, ta bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum, ta tsallako Afirka. An gan ta a Nijeriya a 2015, a 2016 kuma ta yi ɓarnar da ba za a manta ba. A watan Mayun shekarar Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Kadawa ya dakatar da aiki don rashin abin sarrafawa, har jaridu suka riƙa kiranta ebolar tumatir. Ta sake tasowa da ƙarfi a 2023. Mu kanmu a 2016 muna da fangali 40 na tumatir a bakin rafi. Mun bar su kore shar ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ta zagayo sun koma kamar an bi su da wuta.

Uwar tsutsar wata 'yar ƙaramar malam-buɗe-littafi ce mai ruwan toka, tsawonta bai wuce milimita 7 ba, da dare take yawo. Takan saka ƙwai har 260 a rayuwarta. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar takan huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta yi ta ci daga ciki, daga nan ta koma kan kara da 'ya'ya. Shi ya sa maganin da ke kashewa idan ya taɓa jiki ba ya samunta. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa uwa kimanin wata guda ne. Bari mu yi lissafi irin na aji shida. A ce rabin ƙwan nan mata ne, wato 130, a ce kuma ɗaya cikin goma ce kawai ta rayu, saura 13. Wata na biyu 13 sau 13, an sami 169. Wata na uku 2,197, duk daga uwa guda. Wanda ya ga tabo biyu a ganye ya ce sai mako mai zuwa, to da wannan lissafi yake wasa.

Na biyu shi ne farin ƙuda, wanda ke tashi kamar ƙura idan an girgiza shuka. Tsotsar da yake yi ba ita ce babbar illa ba. Illar ita ce cutar da yake ɗaukowa daga shuka zuwa shuka, wadda ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe ya yi rawaya, shukar ta tsumbure ta ƙi 'ya'ya. Shukar da ta kamu ba ta warkewa, kowane irin magani aka fesa mata. Tuge ta za a yi a binne.

Na uku ita ce darɓa, mai taruwa a bayan ganyen kabeji da kuɓewa da wake, tana barin danƙo mai jawo tururuwa. Na huɗu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne masu ɓuya a wuyan albasa, su ne ke sa ganyenta ya yi fari-fari kamar an kankare shi, kuma sun fi yawa idan zafi ya fara shigowa. Na biyar tsutsar saiwa ce da ido ba ya gani. Alamarta shuka ta yi yaushi da rana alhali akwai laima, idan an tuge ta a ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli. Ta fi son jigawa, kuma dashe ne ke kai ta sabon fili.

Ban da waɗannan akwai tsutsar masara, ita ma baƙuwa ce daga Amurka, wadda aka fara gani a Afirka a nan Nijeriya a farkon 2016. Akwai gyare da ke yanke dashe da dare, da fara, da gara, da ɓera, da gafiya. Akwai kuma mai ƙafa huɗu, wato akuyar maƙwabci, wadda maganinta shinge ne da zaman lafiya.

Ya kamata kuma mu san cewa ba duk abin da ke motsi a lambu ne maƙiyi ba. Kwaɗo da ƙadangare da gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro da bushiya, duk ƙwari suke ci. Ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi a baya, darɓa ce abincinsa. Mujiya da muke jifa, ɓeraye take kamawa. Ƙudan zuma kuwa, in ba don shi ba, kankana da kabewa da gurji ba za su yi 'ya'yan kirki ba. Waɗannan ma'aikata ne da ba sa karɓar lada. Duk feshin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, su yake fara kashewa.

Rigakafi Ya Fi Magani

Bayan asarar 2016 mun ajiye girman kai mun koma ɗalibai. Mun tambayi malaman gona, mun saurari shirye-shiryen manoma a rediyo, mun karanta ƙasidun da masana na Samaru a Zariya suke fitarwa, mun kuma zauna da dattawan lambu. Ga abin da muka gwada muka ga amfaninsa.

A fara da lokaci. Tumatir ɗan sanyi ne. Wanda ya yi reno da ɗaukewar ruwa, ya dasa bayan mako huɗu ko biyar, amfaninsa zai nuna cikin hunturu, lokacin da ƙwari ba su da kuzari. Wanda ya makara har bazara ta same shi, fure zai zube saboda zafi, sharon kuma ta same shi da ƙarfinta. Ya fi kyau masu lambun da ke jere su dasa lokaci guda, domin kada tsohon lambu ya zama makarantar renon ƙwari ga sabo.

A kula da wurin reno. Tsohon gidan sauro da aka ɗinke hudojinsa, idan aka rufe reno da shi, yakan hana farin ƙuda da uwar sharon isa ga shuka tun tana jaririya. Kada a sayi dashen da ba a san asalinsa ba.

A riƙa juya shuka. Tumatir da attaruhu da tattasai da barkono da yalo da gauta duk 'yan gida ɗaya ne, cutarsu da ƙwarinsu kusan ɗaya. Wanda ya cire tumatir ya sa tattasai bai sauya komai ba. A bi su da albasa ko masara ko alkama, a ba filin hutu daga danginsu ko da shekara biyu ce.

A tsabtace fili. Idan an gama tsinka, kada a bar karan tumatir a tsaye, kada a watsar da ruɓaɓɓun 'ya'ya a bakin fangali. A tara a ƙone, ko a binne da zurfi, sannan a kafce ƙasa rana ta gasa abin da ya ɓuya a ciki.

A riƙa zagaye. Iyayenmu sun ce idon mai gona shi ne taki. Sau biyu ko uku a mako, da sassafe, a juya ganye a duba bayansa. Ganyen da aka ga tabon sharon a jikinsa a tsinke shi a zuba a leda a ɗaure, a bar shi a rana.

A kafa tarko. Kwano mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu, a rataya fitila mai aiki da hasken rana a samansa, da safe za a tarar da uwayen tsutsa sun faɗa. Akwai kuma wani ɗan roba da ake sayarwa mai ƙamshin macen sharon, wanda ke jawo mazan su faɗa ruwa. Farin ƙuda kuwa launin rawaya yake bi. A yanka tsohuwar jarka rawaya a shafa mata man girisi a kafa a tsakanin shuka. Tarko yana rage su, yana kuma gaya wa mai lambu ranar da suka iso.

Sai darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Asalinta daga Indiya ne, an fara dasa ta a Borno a 1928, yau ga ta a kowace ƙofar gida da harabar makaranta, 'ya'yanta suna zuba muna sharewa. A tsince su, a wanke, a shanya a inuwa, a ɓare. A daka rabin kilo na ƙwayar, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye. Ba ta kashewa nan take, sai dai ta hana ƙwaro ci da girma. Rana tana karya ƙarfinta cikin 'yan kwanaki, don haka a maimaita duk mako. Wanda ya fara da wuri zai ga aikinta. Wanda ya jira har lambu ya cika da tsutsa, kada ya zargi darbejiya.

Maganar Guba

A nan muke roƙon a ba mu kunne sosai. Ba mu ce kada a yi amfani da maganin feshi na zamani ba. Akwai ranar da ba makawa sai shi. Amma sunansa na gaskiya guba, kuma yadda muke mu'amala da shi abin tsoro ne.

Mun taɓa iske wani yaro, tsohon ɗalibinmu, yana dama magani a bokiti da hannunsa har gwiwar hannu. Ya haɗa iri uku wuri guda, ya auna da murfin kwalba, ba takalmi, ba abin rufe hanci. Muka tambaye shi wa ya koya masa, ya ce mai shago ne. Muka tambaye shi yaushe zai tsinka, ya ce jibi mota za ta zo. Wannan tumatir bai tsaya a ƙauye ba, birni aka kai shi.

Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, an rubuta a jikin kwalba. Akwai kuma zanen launi a gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada a ƙara ma'auni da zaton zai fi aiki. Idan aka dage a kan magani guda, raunanan ƙwari ne ke mutuwa, masu taurin rai su saura su hayayyafa, bayan 'yan watanni sai a ce magani ya daina ci. Haka sharon ta gagari magunguna da dama a ƙasashe daban-daban. A nemi malamin gona ya nuna wanda ya dace da wanda za a sauya da shi.

Mai feshi ya sa doguwar riga da takalmi da safar hannu, ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki. Kada a ba yaro ko mai juna biyu injin feshi. Kada a wanke injin a rafi, kada a mai da kwalbar magani ta man gyaɗa ko ta ruwan sha. Wanda aka ga yana dalalar miyau da gumi da amai da sarƙewar numfashi bayan feshi, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. Allah ya sa muna da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.

Mu tuna da Gamalin, wanda a da ake zubawa a tafki don kama kifi. Sinadarin da ke cikinsa yana daga cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da su a noma a 2009. Mu tuna kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan sinadarin nan na fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Abin da baƙo ya ƙi karɓa don lafiyar mutanensa, mu muka cinye shi. Alhali ga buhun PICS mai riɓi uku, wanda ke adana wake ba tare da ɗigon magani ba.

Abin da Muke Nema Daga Gare Ku

Ya ku 'yan'uwa mazauna birni, mun san ba za ku ajiye ofis ku zo ku riƙe fartanya ba, ba mu kuma nemi haka ba. Buƙatunmu shida ne.

Na ɗaya, kada ku sayar da fadamar gado. Kuɗin zai ƙare a shekara guda, fadama kuwa ba a ƙera sabuwa. Idan ba za ku noma ba, ku ba da aro ko haya ga ɗan'uwa ko maƙwabci, a rubuta sharaɗi a gaban mai unguwa da shaidu, domin kada zumunci ya ɓaci gobe.

Na biyu, muna ba ƙungiya shawara ta nemi fili guda a bakin ruwa, a Birnin Kudu ɗaya a Gwaram ɗaya, ta yanka shi kashi-kashi, ta raba wa matasa da matan da mazansu suka rasu. Kowa da kasonsa, amma rijiya ɗaya, shinge ɗaya, doka ɗaya: ranar dashe ɗaya, tsabtar fili wajibi, babu feshi sai da sanin wanda aka naɗa. Ƙwaro bai san iyakar gona ba. Mutum ɗaya mai sakaci ya isa ya jawo wa mutum hamsin asara, shi ya sa yaƙin ba ya yiwuwa sai da haɗin kai. A zaɓi wuri da lura, domin ambaliyar 2022 ta nuna mana inda ruwa yake bi idan ya fusata.

Na uku, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi a kan mai lambu, har wasu sun rage fili. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana yana da tsada a farko, amma ba ya shan mai. Mutum biyar daga cikinku za su iya haɗa kuɗin guda su ba rukunin matasa bashi, su biya bayan girbi a ba wasu.

Na huɗu, idan za ku zo gida da Sallah, a cikin tsarabar ku sa iri mai kyau da takalmin roba da safar hannu da tarkon ƙwari. Masu hulɗa da kasuwannin 'Yankaba da Mile 12 ta Legas su taimaka da akwatunan roba, domin kwando yana farfasa tumatir a hanya. Idan kasuwa ta faɗi kuma, a yi kauɗa a kan tabarma mai tsabta ko rumfa, a daina shanya a gefen titi.

Na biyar, 'ya'yanmu da suka karanta aikin gona a Zariya da Kano da Dutse da Haɗeja, muna roƙon kowannensu ya ba gida kwana biyu a cikin hunturu, ya zagaya lambuna, ya karanta wa manoma abin da ke jikin kwalba da Hausa. Zakkar ilimi ke nan.

Na shida, a farfaɗo da lambun makaranta. Kowane reshe na ƙungiya ya ɗauki firamare guda, ya yi mata shinge da kayan aiki. Yaron da ya reni shuka da hannunsa har ta yi 'ya'ya ya koyi haƙuri da lura da lissafi, kuma ba zai raina sana'ar ubansa ba.

Ku ma a gidajenku na birni, buhun siminti goma da aka cika da ƙasa da taki sun isa su ba uwargida alayyafo da latas da attaruhu, ga zogale a jikin katanga. Ku bar yara su yi ban ruwa, su san cewa miya ba a firji take tsira ba.

Kammalawa

Kowace shekara idan an gama kaka, muna tsayawa a tasha muna kallon samarinmu suna hawa mota zuwa cirani, wasu tura baro, wasu acaba, wasu gadi. Da yawansu mu muka koya musu karatu. Ba ƙiwuya ce ta kore su ba, rashin abin yi ne na wata bakwai. Ga ruwa a ƙarƙashin ƙafarsu, ga filin iyayenku a kwance, ga kasuwa tana jira. Abin da ya rage shi ne jari kaɗan da sani da wanda zai tsaya. Muna fatan kafin a tashi daga wannan taro za a naɗa kwamitin da zai duba shawarwarin nan, ya kawo rahoto kafin ruwa ya ɗauke, domin reno ba ya jiran kowa.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman afuwa. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana wannan ƙasa. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya kare amfaninmu daga fari da ambaliya da ƙwari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.